Bututu Goma, Uwa Ɗaya: Bindigar Gasa da Maharban Tasawa da Mayahi

Bindigar maharbi a ƙauyukan Tasawa da Mayahi ba ta da ƴar'uwa. Maƙeri ɗaya ne ya ƙera ta, ya daidaita bututunta da ƙotarta da ido da magagari. Ranar da kunamarta ta karye, ba a ciro ta wata bindigar a sa mata, sai an koma maƙera an goge, an lanƙwasa, an gwada. Daga Korgom zuwa Kananbakashe haka aka gaji abin, kuma yana da kyaunsa, don mai bindiga ya san halinta, ya san awon albarushin da take ɗauka. Matsalar tana farawa ne ranar da wani ya ga bututu mai kyau a hannun wani, ya ce a ɗora masa shi a kan tsohuwar bindigarsa, ko ya samo garin harsashin zamani ya ɗura a bindigar toka. A nan ne yatsu ke tafiya, wani lokaci har da ido.

Akwai wata ƙaramar bindiga a Amurka da aka ƙera musamman don a riƙa sauya mata bututu, kuma duk wanda ya fahimci yadda masu ita ke zaɓar abin da ya dace da ita, ya fahimci dalilin da ya sa bindiga ke fashewa. Sunanta Contender. Wani mutum mai suna Warren Center ne ya tsara ta, kamfanin Thompson/Center na garin Rochester a jihar New Hampshire ya fito da ita kasuwa a 1967. Harsashi ɗaya take ɗauka. Ana karya ta a tsakiya, a zura harsashin, a rufe, a ja guduma baya, a harba. Kashi biyu ne manya a jikinta: bututu, da kuma uwar bindigar, wato gangar ƙarfen da ke ɗauke da kunama da guduma da allurar da ke dukan harsashi, wadda mariƙi ke manne da ita. Ƙusa ɗaya ce mai kauri ke haɗa su. A cire katakon da ke ƙarƙashin bututun, a tura ƙusar, bututu ya fita, wani ya shiga. Da yake abin saiti a kan bututun yake, ba a kan uwar ba, kowane bututu yana tafiya da saitinsa. Mutum ɗaya yana iya mallakar uwa ɗaya da bututu goma, daga na ƙaramin harsashin .22 har zuwa na .45-70, wanda sojojin Amurka suka fara amfani da shi a 1873.

Ƴan gasar harbi ne suka fi rungumarta. Akwai wata gasa da ta samo asali daga Meziko, inda ake jera siffofin dabbobi na ƙarfe a fili: kaji a mita 50, aladu a mita 100, talotalo a mita 150, raguna a mita 200. Ba a ƙirga harbi sai siffar ta faɗi. A 1976 aka kafa ƙungiyar IHMSA don masu yin wannan gasa da ƙaramar bindiga, kuma Contender ta yi suna a wurinsu, saboda ragon ƙarfe a mita 200 yana buƙatar harsashi mai nauyi, yayin da atisayen yau da kullum ake yinsa da harsashi mai araha.

Manomi ya san ba kowane ruwan gatari ke zama a kowace ƙota ba, kuma ya san wani ruwan yana shiga ramin daidai amma ya tsaga ƙotar a sara na uku. Tambayoyi biyu ke nan daban, kuma su ne gaba ɗayan maganar zaɓen uwar bindiga: shin bututun ya shiga, sannan shin uwar za ta iya ɗaukar abin da zai fito daga cikinsa?

Ta farkon mai sauƙi ce. Kamfanin ya yi uwa iri uku. Akwai Contender ta asali. A ƙarshen shekarun 1990 ya fito da Encore, wadda ta fi girma da kauri, ƙusarta ma ta fi kauri. Sai kuma G2 a farkon shekarun 2000, wadda sabuwar Contender ce da aka gyara mata kunama da yanayin mariƙi. Yawancin tsofaffin bututun Contender suna hawa G2, amma mariƙin tsohuwar ba ya shiga sabuwar. Bututun Encore kuwa ba ya hawa Contender ko kaɗan, na Contender ma ba ya hawa Encore. A ganina wannan rashin shiga shi ne mafi alheri a duk ƙirar, domin ƙarfen da kansa ke hana mai ganganci aikata abin da zai kashe shi.

Tambaya ta biyu ita ce ke buƙatar natsuwa. Idan gari ya kama wuta a cikin kwanson harsashi, iskar da ta taso tana tura ko'ina lokaci guda. Tana tura dalma gaba, tana tura bangon bututu gefe, tana kuma tura gindin kwanso baya, ya daki fuskar uwar bindiga. Ana auna wannan matsi da bar, kuma bar ɗaya kusan nauyin kilo ɗaya ne a kan santimita murabba'i ɗaya. Ƙaramin harsashin .22 yana kai wajen bar 1,700. Harsashin .308 yana kai bar 4,150, wato sama da tan huɗu a kan kowace santimita murabba'i, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba.

Sai dai matsin shi kaɗai ba ya ba da amsa. Harsashin .223 matsinsa bai gaza na .308 ba, amma Contender tana ɗaukarsa lafiya, ba ta ɗaukar .308. Dalili shi ne faɗin gindi. Gindin .223 bai kai milimita 10 ba, na .308 kuwa wajen milimita 12 ne. Bambancin ya yi kama da kaɗan, amma idan aka lissafa fili, na biyun ya fi na farkon da kusan rabi, don haka dukan da yake kai wa uwar bindiga ya fi da kusan rabi. Shi kuwa .45-70 gindinsa ya fi su duka faɗi, amma matsinsa ƙasa yake, shi ya sa ƙaramar uwa ke jure masa muddin ba a cika masa gari fiye da ƙa'ida ba. Matsi sau filin gindi: wannan lissafin ne ya raba Contender da Encore. Uwar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta ba lalle ta fashe a harbin farko ba. Tana miƙewa ne kaɗan-kaɗan, ramin ƙusa ya buɗe, tazara ta shiga tsakanin gindin harsashi da fuskar uwa, har ranar da kwanso zai tsage wutar ta dawo wa mai harbi a fuska. Mai bindigar zai ce ai ya daɗe yana harba ta ba abin da ya faru, alhali kowane harbi yana cin ƙarfen.

Samun ƙarfe biyu da aka ƙera a wurare daban su dace ba tare da magagari ba, abu ne da ya ɗauki duniya shekaru masu yawa. A 1785 wani Bafaranshe mai ƙera bindiga, Honoré Blanc, ya wargaza kunamun bindigogi 50, ya cakuɗa sassan, aka riƙa ɗauka ana haɗawa suna zama. Thomas Jefferson, wanda a lokacin jakadan Amurka ne a Paris, ya gani ya rubuta wa gwamnatinsa. Sai a shekarun 1820 John Hall ya tabbatar da abin a masana'antar Harpers Ferry ta Amurka. Ƙasarmu kuwa ta daɗe da sanin bindiga ta wata hanyar. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi mulki har 1884, ya tara dubban bindigogin da fatake ke kawowa ta hamada daga Tarabulus, aka riƙa haɗa albarushi da zuba igwa a cikin birnin Zinder. A shekarar da ya rasu ɗin ne Paul Vieille ya ƙirƙiro gari marar hayaƙi a Faransa. Shekara goma sha biyar bayan haka, a 1899, ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ya ratso ƙasar nan da bindigogin masana'anta yana ƙone garuruwa, har sojojinsu suka kashe su a yankin Maijirgi a watan Yuli. Tun daga wancan zamani iri biyu na bindiga da iri biyu na gari suke zaune tare a ƙasar Hausa, kuma ba su taɓa zama abu ɗaya ba. Bindigar toka an yi ta ne don baƙin albarushi, mai matsi kaɗan. Garin harsashin zamani, a awo ɗaya da wancan, yana haifar da matsin da ya ninka, kuma bututun da tun asali ba don irin wannan wuta aka yi shi ba ba shi da abin da zai tare shi.

Turawa ba su bar wannan ga sa'a ba, don su ma sun binne mutane kafin su koya. An kafa gidan gwajin bindiga a Liyej ta Beljiyam tun 1672, na Birmingham a Ingila kuma a 1813. A ƙasashen da ke cikin hukumar CIP, wadda aka kafa a 1914, ba a sayar da bindiga sai an harba ta a ɗaki rufaffe, ba kowa kusa, da harsashin da matsinsa ya zarce na kullum da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, sannan a duba ta a buga mata tambari. Maƙerinmu, komai gwanintarsa, ba shi da irin wannan ɗaki. Sau da yawa hannun mai saye ne wurin gwajin.

Doka ma uwar bindiga take kallo. A Amurka lambar rajista a jikin uwa take, ita ce bindigar a idon hukuma, bututu kuwa kaya ne kawai. Contender ta taɓa kai kamfaninta har Kotun Ƙoli a 1992, kan tambayar ko sayar da ita tare da dogon bututu da ƙotar kafaɗa daidai yake da ƙera gajeriyar bindigar da dokar 1934 ta ƙuntata, kuma kamfanin ya yi nasara. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2001 kan bindigogi ta lissafa bututu da uwa duka a cikin sassan da ake sa wa ido. A Nijar riƙe bindiga sai da izinin hukuma, farauta tana ƙarƙashin dokar 1998 kan farauta da kare namun daji, kuma tun 1994 akwai hukumar CNCCAI mai tattara makaman da ba su bisa ƙa'ida. Duk wanda ya san abin da mutanen Madarunfa da Gidan Rumji suka sha a hannun ƴan bindiga ba zai ce wannan tsanani ya yi yawa ba.

Amma tsananin bai kai ga bindigar da ke rataye a ɗakin maharbi ba, wadda ba ta da lamba, ba ta da tambarin gwaji, ba wanda ya san shekarun bututunta. Hana ta da baki bai kawar da ita ba, ya dai sa ana ɓoye ta, ana kuma ɓoye raunin da ta yi har sai hannu ya ruɓe kafin a kai asibiti. Abin da nake ganin zai yi aiki ya fi kusa da gida. Sarkin maƙera ya san maƙeransa, sarkin baka ya san maharbansa, kuma maganarsu tana shiga inda takardar hukuma ba ta shiga. Da su za a zauna, tare da jandarma da ma'aikatan gandun daji, a san wa ke ƙerawa, a buga lamba a jikin kowace uwa, a kafa ƙa'idar cewa ba a ɗora baƙon bututu a kan tsohuwar bindiga, ba a ɗura garin harsashi a bindigar toka, kuma bututun da ya kumbura ko ya yi tsatsa a ciki a sare shi biyu a gaban mai shi kafin ya bar maƙera.