Gashin Ƙashi: Kuɗi Hannu ko Inshora?

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan magana ta dace da jikin ɗan Adam bayan karaya, tiyata ko shanyewar ɓarin jiki. Tsokar da aka daina motsawa takan fara ramewa cikin mako ɗaya zuwa biyu, gaɓar da ta daɗe a filasta kuma takan sandare, domin zarurrukan naman da ke kewaye da ita suna takurewa. Ƙwaƙwalwar mai shanyewar ɓarin jiki ta fi saurin sake koyon motsi a watanni 3 na farko. Aikin likitan gashin ƙashi shi ne ya dawo da motsi ta hanyar atisaye, ziyara bayan ziyara. Saboda haka hanyar biyan kuɗi na iya shafar warkewa kanta.

Amurka ce ƙasar da wannan zaɓi ya fi fitowa fili. Mai inshora a can yakan ci karo da sharuɗɗa uku. Na farko, akwai adadin da zai kashe daga aljihunsa kowace shekara kafin kamfani ya sa hannu. Na biyu, akwai kason da yake biya a kowace ziyara. Na uku, kamfanoni da yawa suna ƙayyade yawan ziyara, ko su nemi a jira amincewarsu. Hatta shirin gwamnati na tsofaffi, wato Medicare, dokar 1997 ta sa masa iyakar dala 1,500 a shekara, ba a soke iyakar ba sai a 2018.

Wannan ya sa wasu likitoci suka koma karɓar kuɗi hannu. Majinyaci yakan san farashi tun farko, ya fara jinya ba jira, sau da yawa kuma ya sami lokaci mai tsawo shi kaɗai da likita. Tun 2022 dokar tarayya ta wajabta a ba mai biya da kansa ƙiyasin kuɗi a rubuce. Amma fa idan aljihu ya ƙare, jinya ta tsaya.

To, wanne ya fi? Amsar tana ga tsawon jinyar. Mai targaɗen da ziyara huɗu za ta ishe shi, wanda bai cika adadinsa na shekara ba, zai iya samun sauƙi a kuɗi hannu. Wanda aka yi wa tiyatar jijiyar gwiwa kuwa, da zai yi watanni 9 ko fiye kafin ya koma wasa, inshora ce garkuwarsa.

A Nijeriya, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin kiwon lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa, duk da cewa dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya. Don haka babban haɗari a nan shi ne a daina zuwa asibiti da zarar zafi ya lafa, alhali tsoka ba ta dawo da ƙarfinta ba.

Ya mai karatu, kafin a zaɓi hanya a tambayi likita abu uku: ziyara nawa ake bukata, nawa ne jimillar kuɗin, kuma wane atisaye za a iya yi a gida. Hanyar da za ta bari a fara da wuri a kuma kai ƙarshe, ita ce mai araha.