Malam yana rijista, ba ya aji

A shekarar 2019 Gwamna Abdullahi Ganduje, ɗan asalin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, ya ayyana ilimi kyauta kuma dole a Jihar Kano. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Duk da haka, uban da ya hana ɗansa zuwa gona don ya je makaranta abu guda yake tambaya: yau malam ya shiga aji?

Matsalar fashin malamai ba tamu ba ce mu kaɗai. Wani bincike da aka yi da tallafin Bankin Duniya, aka wallafa a 2006, ya kai ziyarar ba-zata makarantun ƙasashe shida, ya tarar kusan kashi 19 cikin 100 na malamai ba sa nan. A Indiya kashi 25 ne, a Yuganda 27, a Indonisiya mai dubban tsibirai 19. Yawan albashi bai rage fashin ba. Makarantun da ke kusa da titi, masu gini mai kyau, waɗanda sufeto ke leƙawa, su ne malamansu suka fi zuwa. Su kuwa hedimastoci, sun fi na ƙasa da su fashi.

Dawakin Tofa ba tsibiri ba ce, kusancinta da birni ma shi ne matsalarta. Malamin da aka turo daga cikin Kano ba zai tare a ƙauye ba, sai dai ya riƙa jeka-ka-dawo ta hanyar Katsina. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na ɗan acaɓa daga bakin titi zuwa makaranta na lashe kaso mai tsoka na albashinsa. Sai ya daidaita da hedimasta: kwana uku a mako, abokin aiki ya sa masa hannu a sauran.

Ɗan gida kuma nasa uzurin daban ne. Ruwan shuka ya sauka da daddare, gari ya waye yana gona. Kaka ta yi, ga kasuwar Dawanau a kusa, inda dillancin riɗi ko wake kan fi albashi kawo kuɗi. Ban ce ya yi daidai ba, amma mai iyali ne. Ƙara da tantancewar ma'aikata da layin banki, waɗanda gwamnati da kanta ke fitar da malami daga aji dominsu.

A Udaipur ta Indiya, ƙungiyar Seva Mandir ta ba malamai kyamara, aka ɗaure albashi da hoton malami tare da ɗalibansa safe da yamma. Fashi ya sauko daga kashi 42 zuwa 21. Mu nan ba sai an kai ga kyamara ba. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da sakataren ilimi su tura malami kusa da garinsu, su sa wa sufeto mai a babur, mai unguwa da iyayen yara kuma a ba su damar duba rijista duk ranar da suka ga dama.