Wasiƙar da Aka Shimfiɗa a Gaban Ubangiji

Mutane da yawa sun bar yin addu'a don suna ganin bakinsu bai iya ba, ko kuwa ba su isa Allah ya ji su ba. In kai ma haka kake, zo mu duba addu'ar da ke cikin Littafin Sarakuna na Biyu, sura 19.

A shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu, Sennakerib sarkin Assuriya ya kawo wa ƙasar Yahuda yaƙi. Ya ci garuruwa masu ganuwa, shi da kansa ya sa aka rubuta cewa guda 46 ne. Sa'an nan ya aika wa Sarki Hezekiya wasiƙa a Urushalima, yana yi masa ba'a, wai Allahnsa ba zai iya cetonsa ba. Da Hezekiya ya karanta, sai ya hau zuwa Haikali, ya shimfiɗa wasiƙar a gaban Ubangiji, ya yi addu'a. Ka lura da abu uku a cikinta.

Na fari, bai soma da wahalarsa ba. Ya soma da yabon Allah wanda ya yi sama da ƙasa, mai mulki bisa dukan sarakuna. Wanda ya tuna da girman Allah, maƙiyinsa yakan ƙanƙance a idonsa.

Na biyu, bai ɓoye kome ba. Ya yarda Assuriyawa sun hallaka al'ummai, sun ƙone gumakansu, gama itace ne da dutse. Marar lafiya ba ya ɓoye wa likita ciwonsa. Kai ma ka faɗi naka da sunansa, ko bashi ne, ko ciwon yaro, ko zunubin da ya fi ƙarfinka.

Na uku, ya roƙi abu ɗaya a fili, wato ceto, domin duniya duka ta sani Ubangiji ne kaɗai Allah. Allah kuwa ya amsa ta bakin annabi Ishaya. Sennakerib ya koma Nineba, bai ci Urushalima ba. Ko a cikin nasa rubutun, wanda ke ajiye a gidan kayan tarihi na Landan, bai ce ya ci ta ba.

Haka kuma masu bi na fari suka yi, sa'ad da majalisa ta tsorata Bitrus da Yohanna, cikin Ayyukan Manzanni sura 4. Da Mahalicci suka soma, suka faɗi barazanar, suka roƙi ƙarfin hali na yin wa'azi, aka kuwa ba su.

Amma kada ka zaci kullum amsa takan zo yadda ka so. Yesu ya yi roƙo sau uku a Getsamani, duk da haka ya sha ƙoƙon wahala, ya miƙa kansa ga nufin Uba. A rana ta uku Allah ya tashe shi. Ka ga ashe ƙarfin addu'a yana wurin Mai jinta ne, da Almasihu wanda ya buɗe mana hanya zuwa gare shi.

To, yau da dare ka karanta surar nan. Ka bi sawun Hezekiya da kalmomin bakinka, ka sa damuwarka a maimakon wasiƙarsa, ka roƙa cikin sunan Yesu. Ubangiji ya ji ka. Amin.