Babi na Uku: Zaɓen Harsashin Farautar Barewa a Birtaniya da Amurka

3.0 Gabatarwa

A wannan babi an yi bayanin abubuwan da maharbi kan duba kafin ya zaɓi harsashin farautar barewa a Birtaniya da Amurka. An yi amfani da kalmar barewa ne a nan wajen kiran dabbobin dajin ƙasashen sanyi, waɗanda mazansu ke da ƙaho mai rassa da kan zube ya sake tsirowa kowace shekara. Girmansu ya bambanta ƙwarai. Akwai ƙaramar da ake kira manjak, wadda ba ta kai kilo 20 ba, akwai kuma jar barewar Sikotlan, wadda namijinta kan haura kilo 100.

3.1 Sassan Harsashi da Sunayensa

Harsashi guda ya ƙunshi kwanso, da albarushin da ke cikinsa, da ɗan maƙyastun da ke gindinsa, sannan ƙwayar da ke fita ta bakin bindiga. Ana auna faɗin ƙwayar da inci ko milimita, nauyinta kuma da ma'aunin giren. Giren 100 ya yi kusan giram shida da rabi. Lambar farko a sunan harsashi kan nuna faɗin, amma ta biyu ba ta da ƙa'ida ɗaya. A sunan .30-06 Springfield tana nufin shekarar 1906 da sojan Amurka suka fara amfani da shi. A sunan .30-30 Winchester kuwa, wanda ya fito a 1895, tana nufin giren 30 na albarushi.

3.2 Ƙarfin Harsashi da Turin Bindiga

Abin da ake bukata ga harsashi shi ne ya ratsa ƙirjin dabba ya lalata huhu ko zuciya, ta mutu nan take ko bayan ɗan gudu kaɗan. Idan ya gaza, barewa kan tsere da rauni ta je ta mutu a sarƙaƙiya bayan kwanaki, ta sha azaba, maharbi kuma ya yi asarar nama. Wannan ne ya sa sababbin maharba da yawa ke zaton cewa mafi girman harsashi shi ne mafi dacewa.

Sai dai al'amarin ba haka yake ba. Duk ƙarfin da ya tura ƙwaya gaba, yana tura bindiga baya zuwa kafaɗar mai harbi. Harsashin .243 Winchester, wanda ya fito a 1955, kan jefa ƙwaya mai giren 100 da gudun ƙafa 2,960 a sakan guda. Shi kuwa .30-06 kan jefa mai giren 150 da gudun ƙafa 2,910. Idan bindigogin biyu nauyinsu ɗaya ne, turin na biyun ya kusa ninka na farkon. Mutumin da kafaɗarsa ta sha wannan duka kan fara ƙifta ido da zabura tun kafin ya gama jan kunama, kuma sau da yawa bai ma san yana yi ba. Ga shi gurbin huhu da zuciyar barewa bai wuce faɗin santimita 20 ba. Ke nan matsakaicin harsashi a ƙirji ya fi babba a tumbi. Daga nan za a fahimci dalilin karɓuwar .270 Winchester na 1925, wanda marubucin farauta Jack O'Connor ya daɗe yana yabawa a mujallar Outdoor Life, da kuma 6.5 Creedmoor da kamfanin Hornady ya fitar a 2007.

Yanayin daji ma yana da tasiri. A kurmin gabashin Amurka, inda harbi bai cika wuce mita 100 ba, .30-30 ya wadatar. A filayen yamma da tsaunukan Sikotlan kuwa, akan nemi harsashi mai gudu, wanda ƙwayarsa ba ta saurin yin ƙasa.

3.3 Abin da Doka ta Tanada

A Birtaniya ba a bar wa maharbi zaɓin gaba ɗaya ba. Dokar Barewa ta 1991, wadda ke aiki a Ingila da Wales, ta ce faɗin harsashi kada ya gaza inci .240, ƙarfinsa a bakin bindiga kuma kada ya gaza jul 2,305. A 2007 aka sassauta game da ƙananan barewa iri biyu, wato manjak da barewar ruwa ta Sin, aka yarda da inci .220 da ƙwaya mai giren 50. Har ila yau dokar ta wajabta ƙwaya mai taushin kai ko mai rami a kai, wadda kan buɗe kamar naman kaza idan ta shiga jiki. Abin lura a nan shi ne, irin wannan ƙwaya ce yarjejeniyar Hague ta 1899 ta haramta a fagen yaƙi. A farauta kuwa buɗewar ce ke gaggauta mutuwa ta taƙaita wahalar dabba.

Sikotlan ta bi wata hanya dabam. Dokarta ta 1985 ba ta ambaci faɗi ba, sai nauyi da gudu da ƙarfi, inda ta nemi gudun da bai gaza ƙafa 2,450 a sakan ba. Saboda haka .30-30 mai giren 150, wanda gudunsa ke tsayawa wajen ƙafa 2,390, bai cika sharaɗi a can ba, duk kuwa da sunan da ya yi a Amurka fiye da shekara ɗari.

A Amurka kowace jiha da nata tsari. Jihar Ohayo, mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da gidaje kusa da gonaki, ta yarda a 2014 a yi farautar barewa da harsashi mai miƙaƙƙen kwanso, wanda ba ya cin dogon zango. Don irin waɗannan jihohi ne Winchester ya fitar da .350 Legend a 2019.

3.4 Dalma da Jan Ƙarfe

Ƙwayar dalma kan farfashe a cikin nama, tsuntsaye masu cin mushe kuma su ci guba daga kayan cikin da maharbi ya bari a daji. Tun 1 ga Yuli, 2019 jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma. Jan ƙarfe da ya maye gurbinta bai kai ta nauyi ba, don haka ƙwayarsa mai giren 100 kan yi tsawo, ta yadda bindigogin .243 da yawa ba sa iya juya ta yadda za ta tafi a miƙe. Wannan ne ya sa a 2023 Sikotlan ta rage mafi ƙarancin nauyin ƙwaya ga manyan barewa daga giren 100 zuwa 80.