Bakhita: Baiwar da ta samu 'yanci ta miƙa shi ga Allah

Hausawan Mai Wurno da ƙauyukan Jazira Musulmi ne, jikokin waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, da alhazan da suka tsaya noman auduga don haɗa kuɗin jirgin Jidda. Sun san abin da ake nufi da barin gida saboda Allah. Hanyar da kakanninsu suka bi, daga Darfur zuwa Al-Ubayyid har Sawakin, ita ce wata yarinya ta bi tun kafin su, amma ita a matsayin baiwa.

An haife ta a Darfur wajen 1869. Mahara suka sace ta tana ƙarama, tsoro ya sa ta manta sunan yankanta, suka laƙa mata Bakhita. A gidan wani hafsan Turkawa aka yi mata tsage 114 a jiki, ana cusa gishiri a ciki. A 1883 ƙaramin jakadan Italiya a Khartum, Callisto Legnani, ya saye ta, a 1885 ya tafi da ita ƙasarsu.

Can ta zama mai reno a gidan Michieli. Da uwargidan za ta yi tafiya zuwa Sawakin, ta ajiye ta wajen sistocin Katolika na Canossa a Venis. Ta dawo za ta koma da ita Sawakin, Bakhita ta ce atafau ba ta zuwa. Ranar 29 ga Nuwamba 1889 hukuma ta yanke cewa dokar Italiya ba ta san bauta ba, don haka 'ya ce. Aka yi mata baftisma a Janairu 1890. A Disamba 1896 ta ɗauki wa'adi uku na sistoci: zaman talauci, rashin aure, da biyayya.

Mai karatu zai ce: ashe ta fita daga wata bauta ta faɗa wata? Amsar masanan Kirista ita ce, mutum ba ya kyauta da abin da ba nasa ba. Sai da 'yancin ya shiga hannunta tukuna, ta iya cewa a'a, sannan amincewarta ta zama hadaya. Hujjarsu Almasihu ne, wanda a koyarwarsu ya wanke ƙafafun almajiransa da son ransa.

Daga 1902 ta zauna a garin Schio, tana girki, tana ɗinki, tana tsaron ƙofa, tsakanin wannan addu'a da waccan. Ta rasu ranar 8 ga Fabrairu 1947, kuma a 2000 Paparoma John Paul na II ya sa ta cikin waliyyan cocin Katolika.

Duk malamin da ke wa'azin biyayya ga 'yar aiki ko ɗan ƙwadagon gona, ya fara tambaya ko suna da ikon ƙi. Hidimar da aka yi bisa dole zalunci ce, ko da an ambaci sunan Allah a kanta.