Tsohuwar Majami'ar Wusasa: Tarihinta da Fasalin Gininta

A gindin Dutsen Wusasa, yamma da birnin Zariya, akwai Majami'ar Saint Bartholomew, ɗaya daga cikin tsofaffin majami'un Jihar Kaduna. Tun a 1905 Dokta Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS ya zauna cikin birnin Zariya, amma a 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, bayan ganuwa, inda aka kafa wannan majami'a. A garin ne Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Abin lura shi ne, ba a kwaikwayi ginin Turawa ba. Maginan ƙasar ne suka ɗora ta da tubalin ƙasa, suka ɗaure rufinta da azara bisa bakan gizo, kamar yadda ake yi wa soron sarakuna. Kaurin bangonta ke hana zafi shiga ko da bazara.

Sai dai ginin ƙasa ba ya jure sakaci. In ba a sabunta yaɓe da gyara indararo kafin damina ba, ruwa na cin bango. Shafa masa siminti kuwa ɓarna ce, domin yana tsare danshi a ciki. Ana jan hankalin hakimai da jami'an ƙananan hukumomi da su nemi ƙwararrun maginan gargajiya duk lokacin da za a taɓa irin wannan gini.