Idan an rufe dandalin sada zumunta, ina kayanka suke tafiya?

A ranar 2 ga Afrilu, 2019, kamfanin Google ya rufe dandalinsa mai suna Google+, ya shiga goge hotuna da rubuce-rubucen da jama'a suka tara a kai tun 2011. An ce ɓaraka aka gano a manhajar, wadda ta bar bayanan mutane a fili: a Oktoban 2018 aka bayyana cewa ta shafi kimanin mutum 500,000, zuwa Disamba wata ta ɓullo da ta shafi miliyan 52.5. Amma ainihin maganar, kasuwa ce ba ta ci ba. Google da bakinsa ya ce kashi 90 cikin 100 na leƙen da ake yi wa dandalin bai kai daƙiƙa 5 ba.

Ga abin da ya kamata a gane. Hoton da ka ɗora yana ajiye ne a cikin manyan kwamfutoci na kamfani, a wasu gine-gine masu shan wutar lantarki dare da rana, da ma'aikatan da ake biya albashi su kula da su. Kai ɗan haya ne a gidan wani, kuma ranar da mai gida ya ga babu riba, sai sanarwar tashi. Haka kamfanin Yahoo ya rufe dandalin GeoCities a 2009, shekara goma bayan ya saye shi da dala biliyoyi.

Wani lokacin ma ba sai an rufe ba. A 2019 dandalin MySpace ya amsa cewa wajen sauya ma'ajiya ya yi asarar waƙoƙin da aka ɗora tsakanin 2003 da 2015, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 50. Mawaƙin da bai ajiye nasa kwafin ba, shi ke nan.

Akwai masu ƙoƙarin ceto. Internet Archive, wadda Brewster Kahle ya kafa a Amurka a 1996, tana adana shafukan intanet, kuma 'yan sa-kai na Archive Team sun kwashi abin da suka iya daga Google+ kafin a kashe shi. Sai dai hannunsu bai kai ga abin da aka killace tsakanin abokai ba.

Nan ne abin ke taɓa ni. Marubutanmu na Hausa, musamman mata, suna rubuta littafi sukutum a Facebook da WhatsApp da Wattpad, shafi bayan shafi, wasu kai tsaye a waya ba tare da wani kwafi ba. Adabin zamani guda ke nan a hannun kamfanonin da ba su yi wa kowa alkawarin riƙewa har abada ba.

Google yana da Takeout, inda za ka sauke kayanka gaba ɗaya, Facebook ma yana da irinsa a cikin saituna. Ka sauke, ka ajiye a wuri biyu daban, kamar kwamfuta da memori. Abin da ya fi daraja a wurinka kuwa, ka buga shi a takarda.